Awo Kafin Guduma: Yadda Masassaƙan Hindu Suke Fitar da Siffa daga Dutse da Tagulla

Duk wanda ya ƙura wa hotunan tsofaffin haikalan Indiya ido, musamman na kudancin ƙasar, abin da zai fara ɗaukar hankalinsa shi ne yawa: bango cike da mutane da dabbobi da furanni tun daga tushe har ƙololuwa, wasu siffofin da hannuwa huɗu, wasu da takwas, wasu kuma a karkace kamar an tsayar da su ana tsakiyar rawa. Da wuya mutum ya ga wannan cunkoso bai ɗauka cewa masassaƙan sun saki tunaninsu ne ya yi kiwo inda ya ga dama ba. Gaskiyar lamarin kuwa ita ce, da ƙyar za a sami wata al'adar sassaƙa a duniya da aka ɗaure da lissafi kamar wannan. Tsawon hanci, faɗin goshi, tazarar da ke tsakanin ido da ido, inda gwiwa za ta faɗo, har da abin da kowane hannu zai riƙe, duk an ƙayyade su a rubuce tun kafin a ɗora guduma a kan dutse. Littattafan da suka tattara waɗannan ƙa'idoji su ake kira Shilpa Shastra, wato ilimin sana'ar hannu. Ya kamata in faɗa tun da wuri cewa sha'awata a nan ta sana'ar ce da hikimar da ke cikinta. Abin da mabiya addinin Hindu suka yi imani da shi game da waɗannan siffofi nasu ne, kuma zan kawo shi ne kawai a inda ba za a fahimci aikin ba sai da shi.

Shilpa Shastra tarin rubuce-rubuce ne da harshen Sanskirit, waɗanda aka yi a sassa daban-daban na Indiya cikin fiye da shekara dubu, kuma sun taɓo sassaƙar dutse da itace, da zubin ƙarfe, da zane, da ƙirar zinariya, da aikin kafinta. Gini yana da nasa reshen da ake kira Vastu Shastra, ko da yake littafi ɗaya yakan fara da zaɓen fili ya ƙare da awon fatar ido. Daga cikin mafi tsufa akwai Brihat Samhita na Varahamihira, masanin taurari da ya zauna a Ujjain a ƙarni na 6. Akwai Manasara da Mayamata, waɗanda masu ginin kudu suka fi dogara da su. Akwai Samarangana Sutradhara da ake jingina wa Sarki Bhoja na Dhar a ƙarni na 11. Akwai Manasollasa na Sarki Someshvara na Uku a ƙarni na 12. Sai kuma Shilparatna da Srikumara ya rubuta a Kerala a ƙarni na 16. Da yawansu suna mayar da asalin ilimin ga Vishvakarma, wanda Hindu suke ɗauka a matsayin maginin alloli.

A cikin wani littafin kuma, Vishnudharmottara, akwai wata tattaunawa da nake ganin ta fi kowane jadawalin awo bayyana yadda waɗannan mutane suke kallon sana'arsu. Wani sarki mai suna Vajra ya roƙi malami Markandeya ya koya masa yadda ake ƙera siffofin abubuwan bauta. Malamin ya ce masa wanda bai san ƙa'idojin zane ba ba zai taɓa gane ƙa'idojin sassaƙa ba. Sarki ya ce to a koya masa zane. Malamin ya ce zane ba ya yiwuwa sai da sanin rawa. Sarki ya yarda a fara da rawar, sai aka ce masa rawa ba ta fahimtuwa sai da sanin kiɗa, shi kuma kiɗa yana tafiya ne a bayan waƙar baka. Haka aka yi ta ja da baya da shi har aka tsinci kai a kan harshe da ma'aunin baitoci. Mutumin da ya zo neman guduma sai ga shi an zaunar da shi yana ƙirga gaɓoɓin waƙa. Abin da malamin yake nufi a fili yake: siffar da ke tsaye a jikin bango motsi ce da aka kama a wani lokaci guda, kuma wanda bai san inda nauyin jiki yake komawa idan mai rawa ya ɗaga ƙafa ba, ko da ya haddace awo duka, gawa zai sassaƙa. Littafin ma ya faɗi hakan da kansa inda yake yabon mai zanen da zai iya bambanta mai barci da matacce, ya kuma nuna igiyar ruwa da harshen wuta da hayaƙi da tuta suna bin inda iska ta nufa. Ya ƙara da wata magana da har yau ba ta tsufa ba, cewa gwanaye layin zane suke yabo, masana suna duban inuwa, mata suna son ado, sauran jama'a kuwa launi ne yake burge su.

Shi awon kansa, Varahamihira ya fara shi ne daga abin da ido yake iya gani da ƙyar, wato ɗigon ƙurar nan da ke yawo a cikin hasken rana idan ya ratso ta taga. Takwas daga cikinsu su ne ƙwayar ƙura ɗaya, takwas na wannan su ne tsinin gashi, takwas na tsinin gashi su ne ƙwan ƙwarƙwata, sai ƙwarƙwatar kanta, sai ƙwayar sha'ir, sannan ƙwayar sha'ir takwas su ba da angula, wato faɗin yatsa. Idan aka ninka takwas sau shida za a sami 262,144, kuma babu masassaƙin da ya taɓa auna wani abu da wannan ƙanƙanta. Amfanin lissafin shi ne ya nuna cewa yatsa ba a sama ya faɗo ba, yana da tushe. Yatsa 12 su ne tala ɗaya, wadda ita ce tsawon tafin hannu daga wuyan hannu zuwa ƙarshen yatsan tsakiya, kuma ita ce tsawon fuska daga inda gashi ya fara zuwa haɓa. Kowa yana iya gwada wannan da hannunsa da fuskarsa, zai ga ba su yi nisa da gaskiya ba.

Daga nan sai a gina jiki duka da fuska. A wani lissafi da ya shahara, na siffa mai tala tara, fuska tana da yatsa 12, wuya 4, daga wuya zuwa ƙirji 12, daga ƙirji zuwa cibiya 12, daga cibiya zuwa mara 12, cinya 24, gwiwa 4, ƙwauri 24, tsayin ƙafa 4, jimla 108. Ita fuskar an raba ta uku daidai: goshi 4, hanci 4, daga hanci zuwa haɓa 4. Yawan talar da siffa za ta samu yana nuna matsayinta. A littattafan kudu manyan alloli uku, Brahma da Vishnu da Shiva, suna samun mafi girman awo na tala goma, wanda ya kai yatsa 124. Mutane na yau da kullum tala takwas. Ganesha mai kan giwa da gajeren jiki tala biyar. Kuma ba tsayi kaɗai ake aunawa ba. Akwai awon faɗi, da na kauri, da na kewaye, da na sararin da ke tsakanin gaɓoɓi, da kuma wanda ake yi da zare mai nauyi a ƙasa, wanda ake ratayawa daga saman kai domin a ga ta inda zai bi a goshi da ƙirji da tsakanin ƙafafu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan tsari shi ne cewa yatsan da ake magana a kansa ba shi da tsayayyen girma. Masassaƙi yakan fara da sanin tsayin siffar da ake so, sannan ya raba wannan tsayi gida 108 ko 120 ko 124, kowane gida ya zama yatsan wannan siffar ita kaɗai. Saboda haka lissafi ɗaya ne yake fitar da abin da za a riƙe a tafin hannu da wanda ya fi gidan sama tsayi. Shi ma tsayin siffar ba a zaɓarsa da ka. Varahamihira ya ce a auna tsayin ƙofar haikali, a cire kashi ɗaya cikin takwas, a raba ragowar uku, kashi biyu na siffa ne, kashi ɗaya na dandamalin da za ta tsaya a kai. Ita ƙofar kuma ta samo awonta daga faɗin ɗakin, ɗakin daga shimfiɗar ginin, wadda ake zanawa a ƙasa a matsayin murabba'i mai gidaje 64 ko 81, Brahma yana tsakiya, sauran alloli suna kewaye. Ashe ke nan daga katangar waje zuwa tsinin hancin siffar da ke can cikin ɗakin tsakiya mai duhu, zare ɗaya ne ya ratsa. Wannan ne dalilin da ya sa haikali irin Brihadisvara na Thanjavur, wanda Sarki Rajaraja na Ɗaya na daular Chola ya kammala a shekarar 1010 da hasumiya mai tsayin kimanin mita 60, duk da girmansa ba ya yi wa ido nauyi.

Jikin da wannan awo yake fitarwa ba jikin wani mutum ba ne da aka zaunar aka kwaikwaya. Littattafan sun ce a nuna alloli kamar 'yan shekara 16, ba tare da jijiya ko ƙashi ko ƙullin tsoka sun fito ba, kuma kowace gaɓa an ba ta abin da za ta yi kama da shi daga halittu: ido kamar baka ko cikin kifi ko ganyen furen bado, wuya da layi uku kamar katantanwar teku, damtse kamar hancin giwa a santsi da saukowa, ƙugu kamar na zaki. Turawan da suka saba da sassaƙar Girka, inda ake alfahari da fitar da kowace tsoka, sun daɗe ba su gane wannan ba. A shekarar 1880 George Birdwood, wanda ake ɗauka a matsayin masanin sana'o'in Indiya a Ingila, ya rubuta cewa siffofin allolin Hindu munana ne da ba su dace da babbar fasaha ba, har ya ce sassaƙa da zane a matsayin fasaha ba a san su a Indiya ba. Ananda Coomaraswamy, masanin tarihin fasahar Indiya, ya ba da amsa a farkon ƙarni na 20, kuma hujjarsa mai sauƙi ce: ba a auna aiki da abin da bai yi niyyar yi ba. Hannuwa huɗu hanya ce ta faɗin abubuwa huɗu a lokaci ɗaya, abin tambaya shi ne ko masassaƙin ya sa sun fito daga kafaɗa ɗaya ba tare da ido ya ji an yi ƙari ba. Auguste Rodin, shahararren masassaƙin Faransa, wanda ba wanda zai ce bai san jikin mutum ba, da ya ga hotunan siffar Shiva mai rawa ta gidan tarihin Madras, yabo ya rubuta.

Tsayuwa ma an karkasa ta. Akwai miƙaƙƙiya wadda nauyi ya rabu daidai a kan ƙafa biyu, akwai mai ɗan karkata, akwai tribhanga mai lanƙwasa uku, a wuya da ƙugu da gwiwa, wadda ita ce ta fi yawa a siffofin mata da na Krishna mai busa sarewa, akwai kuma mai tsananin murɗewa da ake ajiye wa siffofin faɗa da fushi. Tafin hannu a ɗage yana fuskantar mai kallo yana nufin kada a ji tsoro. A sauke yana nufin kyauta. Vishnu yana riƙe da abubuwa huɗu, katantanwa da faifan yaƙi da kulki da furen bado, kuma tun da abu huɗu a hannu huɗu ana iya jera su ta hanyoyi 24, sai al'adar ta ba kowane jeri sunansa, aka sami siffofin Vishnu 24 waɗanda ba abin da ya bambanta su sai wane hannu ya riƙe me. Wanda ya san wannan karanta bango yake yi, wanda bai sani ba kuwa zai ɗauka an yi ta maimaita abu ɗaya ne.

Kafin a kai ga duk wannan, sai an samo abin da za a sassaƙa, kuma babin da Varahamihira ya yi a kan shiga daji neman itace yana cikin wuraren da na fi jin daɗin karantawa. Ya hana a sari itacen da ya tsiro a wurin ƙona gawa, ko a bakin hanya, ko kusa da haikali, ko a kan suri, da wanda aradu ta faɗa wa, da wanda iska ta karya, da wanda giwa ta ji wa rauni, da wanda ya bushe a tsaye. Idan an sami wanda ya dace, da dare masassaƙi zai kai masa hadaya ya roƙi duk abin da ke zaune a cikinsa ya yi haƙuri ya koma wani wuri. Da safe a shafa wa gatari zuma da man shanu a fara sara. Sai kuma a yi wa gungumen alamar sama da ƙasa da gabas da yamma, domin siffar da za ta fito daga cikinsa ta tsaya yadda itacen ya tsaya a daji. Dutse kuma ana buga shi ne a saurari ƙararsa, a raba shi zuwa namiji da mace da wanda ba ko ɗaya ba; mai amo kamar ƙararrawa na siffofin maza ne, mai siririn amo na mata, maras amo kuwa sai dai a yi daɓe da shi. Mai karatu zai ga imani a nan, kuma akwai shi, amma a ƙarƙashinsa akwai gogewar mai sana'a: itacen da aradu ta taɓa a tsage yake ta ciki, na kan suri gara ta riga ta shige shi, dutsen da ba ya amo kuma yana ɓoye da tsaga wadda za ta bayyana ne bayan an yi wata shida ana aiki.

Haka nake fahimtar gargaɗin da littattafan suka cika da shi. Brihat Samhita ya ce siffa mai gaɓoɓin da suka wuce kima tana jawo wa mai yin ta fushin sarki, mai gaɓoɓin da suka gaza tana jawo masa ciwo, mai shafaffen ciki tana kawo yunwa, ramammiya tana kawo talauci, wadda ta karkata hagu tana kashe matarsa, wadda ta karkata dama tana rage masa kwana, wadda idonta ya kalli sama kuma tana makantar da shi. A zamanin da babu hukumar duba ingancin aiki, wannan tsoro shi ne mai duba aiki, kuma yana tare da masassaƙi ko da ba kowa a wurin.

Tambayar da ta daɗe tana raba masana ita ce, shin masassaƙan da suka yi waɗannan ayyuka da littafi a hannu suka yi su? Ram Raz, wani alƙali a Bangalore wanda aka buga bincikensa a kan ginin Hindu a Landan a 1834 bayan rasuwarsa, ya ci karo da matsalar tun a lokacin. Malaman da suka iya Sanskirit ba su san ma'anar kalmomin sana'a ba, masu sana'ar da suka san abin da ake nufi kuma ba su da zurfi a Sanskirit, sai da ya sami wani masassaƙi ɗan Thanjavur ya warware masa. Shi kansa Sanskirit ɗin Manasara cike yake da kurakuran nahawu, abin da ke nuna cewa daga bakin masu aiki ya fito kafin ya hau takarda. Littattafan kuma suna saɓa wa juna, kuma sun san da hakan: Varahamihira bayan ya ce tsawon fuska yatsa 12 ne, sai ya kawo ra'ayin wani magabaci mai suna Nagnajit cewa a ƙasar Dravida, wato kudu, 14 ne. A ganina littattafan ajiya ce ta abin da hannu ya riga ya sani. Ainihin makarantar ita ce zauren aiki, inda yaro yake tashi yana kaɗa yumɓu, yana wasa kayan aiki, yana haddace baitocin da ke siffanta kowane abin bauta, shekaru kafin a bar shi ya taɓa fuska. Manasara ya kasa ma'aikatan gida huɗu, sthapati shi ne shugaba, sai mai riƙe zaren awo, sai mai haɗawa da zane, sai mai sara da sassaƙa, kuma har yau iyalan da suka gaji sana'ar a Tamil Nadu suna ɗaukar Sthapati a matsayin laƙabi. Al'ummar da ake kira Vishwakarma ta ƙunshi sana'o'i biyar, maƙeran baƙin ƙarfe, da kafintoci, da masu zubin tagulla, da masassaƙan dutse, da maƙeran zinariya, kuma sun daɗe suna jayayya cewa darajarsu ba ta gaza ta Brahman, wato ajin limamai, ba. Jayayyar tana da dalili, domin mutumin da ya yi wata da watanni yana dafa siffa da hannunsa, da zarar an keɓe ta an shigar da ita ɗakin tsakiya, taɓa ta ya koma hannun limaman haikali.

Masu cewa ƙa'ida tana kashe basira su je su dubi Belur, a jihar Karnataka, inda Sarki Vishnuvardhana na daular Hoysala ya fara gina haikalin Chennakeshava a 1117. Dutsen wurin mai laushi ne idan an haƙo shi, yana ƙara tauri bayan ya sha iska, kuma masassaƙan sun yi masa aikin da ya fi kama da na maƙerin zinariya. Da yawansu sun rubuta sunayensu a ƙarƙashin aikinsu, kamar Dasoja da ɗansa Chavana 'yan Balligavi, wasu ma har da kirarin da suke yi wa kansu a kan abokan hamayya. Mutumin da yake jin cewa kwafi kawai yake yi ba ya sa hannu, balle ya yi kirari. Awon da suka bi kusan ɗaya ne da wanda aka bi a Thanjavur, amma ko baƙo ba zai rikita aikin Hoysala mai cunkoson ado da aikin Chola mai santsi da natsuwa ba. Lamarin kamar na mawaƙi ne da karin waƙa: kari ɗaya ne ga kowa, amma shi ne yake sa a gane gwani da wuri, tun da ba sauran wurin ɓuya.

Inda za a ga tsarin yana aiki daga farko har ƙarshe a yau shi ne Swamimalai, wani ƙaramin gari kusa da Kumbakonam a bakin kogin Kaveri, inda iyalai suke zubin tagulla ta hanyar da aka bi tun zamanin Chola, tsakanin ƙarni na 9 da na 13. Dalilin bunƙasar wannan zubi shi ne siffar dutse da ke ɗakin tsakiya ba ta motsi, don haka ana bukatar wadda za a ɗauka a zaga gari da ita ranar biki. Shi ya sa ake ganin huda ko zobba a gindin waɗannan siffofi, wurin zura sanduna ko ɗaure igiya. Sthapati yakan fara da tsinken ganyen kwakwa, ya yanke shi daidai tsayin siffar, ya ninninka shi har ya fitar da gidajen awo, wannan shi ne ma'auninsa na wannan aiki. Sai ya haɗa kakin zuma da ƙaro da ɗan mai, ya gina siffar gaba ɗaya da wannan haɗin, har yatsu da 'yan kunne. Daga nan a lulluɓe ta da lallausar lakar Kaveri, wadda laushinta yake ɗaukar ko da zanen farce, a bi da yumɓu mai kauri, a ɗaure da waya, a shanya. Idan ta bushe sai a gasa, kakin ya narke ya tsiyaye ta ƙofar da aka bari, ya bar gurbinsa a ciki. Nauyin kakin da aka yi amfani da shi ne yake gaya wa maƙeri yawan ƙarfen da zai narka, kuma Manasollasa ya ba da lissafin tun ƙarni na 12: tagulla ninki 10 na nauyin kakin, azurfa ninki 12, zinariya ninki 16. Ƙarfen da aka fi daraja shi ne haɗin ƙarfe biyar, wanda jan ƙarfe ya fi yawa a ciki, zinariya da azurfa kuma ɗan taɓawa ne. A binne mazubin a ƙasa bakinsa yana sama, a zuba narkakken ƙarfen a tashi ɗaya ba tare da yankewa ba, a jira ya huce, sannan a fasa yumɓun. Sauran aikin na guduma da magagari ne, kuma yakan ɗauki makonni.

Fitacciyar siffar da ta fito daga wannan hanya ita ce Nataraja, Shiva mai rawa a cikin zoben wuta. Hannun dama na sama yana riƙe da ƙaramar ganga mai siririn tsakiya, alamar farkon halitta. Na hagu na sama yana riƙe da wuta, alamar ƙarewarta. Na dama na ƙasa yana cewa kada a ji tsoro. Na hagu na ƙasa ya ratsa ƙirji yana nuna ƙafar da aka ɗaga. Ɗayar ƙafar kuma tana taka wani wada da ke wakiltar jahilci. Ta fuskar sana'a, abin lura shi ne dukkan wannan nauyi na ƙarfe, da gashin da ya bazu hagu da dama, a kan ƙafa ɗaya lanƙwasasshiya yake tsaye, fuskar kuma ba ta nuna ko alamar wahala. Ido shi ne abu na ƙarshe da ake yi. Ana barinsa a rufe har ranar da za a keɓe siffar, sannan sthapati ya buɗe shi da allurar zinariya, kuma a wurin masu wannan addini daga wannan lokacin ne ƙarfe ya daina zama ƙarfe kawai.

Sana'ar ba ta mutu ba, ko da yake ta sauya masu ba ta aiki. A Mamallapuram, inda sarakunan Pallava suka bar haikalan da aka fafe daga dunƙulen dutse a ƙarni na 7, an buɗe makarantar gwamnati ta koyar da gini da sassaƙa na gargajiya a 1957, abin da ya fitar da ilimin daga hannun 'yan gado kaɗai. V. Ganapati Sthapati, wanda ya daɗe yana shugabantarta, shi ne ya tsara mutum-mutumin mawaƙi Thiruvalluvar da aka buɗe a Kanyakumari ranar 1 ga Janairun 2000, mai tsayin ƙafa 133 tare da dandamalinsa, daidai da yawan babukan littafin mawaƙin. Nataraja mai tsayin ƙafa 27 da aka kafa a gaban zauren taron ƙasashen G20 a Delhi a 2023 ma a Swamimalai aka zuba shi. Haikalan da Indiyawa mazauna Amurka da Ingila da Malesiya suke ginawa su ma suna aiko da aiki. A gefe guda kuma kasuwar 'yan yawon buɗe ido ta cika da siffofin da aka zuba da yawa daga mazubi ɗaya, marasa nauyi, waɗanda fuskarsu ba ta cewa komai, kuma mai saye da ba a nuna masa bambanci ba ba shi da laifi idan ya ɗauka duk ɗaya ne.

Bambancin kuwa yana da amfani har a gaban shari'a. Tun da ana narkar da kakin kuma ana fasa mazubin, babu siffa biyu ta tsohuwar hanya da suka zama ɗaya, ko da hannu ɗaya ne ya yi su da awo ɗaya. Lokacin da aka sace wani Nataraja na zamanin Chola daga wani haikali da aka daina kula da shi a ƙauyen Sripuranthan, aka fitar da shi ta hannun wani dillalin kayan tarihi a New York, gidan adana kayan fasaha na ƙasar Ostireliya da ke Kanbera ya saye shi a 2008. Abin da ya tona asirin shi ne tsofaffin hotunan da Cibiyar Faransa da ke Pondicherry ta ɗauka a haikalin kafin satar. Da aka jera su da hoton wanda ke Kanbera, harsunan wutar da ke jikin zoben da yadda gashin ya bazu da ƙananan tabon zubi duk suka yi daidai, kuma a watan Satumban 2014 firaministan Ostireliya ya mayar da shi Indiya da kansa.